Ƙyallaye Bakwai na Yaya Fes

Mu bakwai mahaifiyarmu ta haifa. Yaya Fes ne babba, ni ce auta. Ba Fes ne sunansa na gaskiya ba, amma yau ko matarsa sai ta ɗan yi tunani kafin ta tuno na ainihin. Shi ya jawo wa kansa. In ya gama wanki da guga zai miƙa maka kayanka, ba ya cewa ga shi, ba ya cewa sai an jima. Sai ya ɗaga rigar sama, ya kanne ido ɗaya, ya ce, "Fes!" Tun yara na tsokanarsa da shi har manya suka karɓa.

Shekara talatin da ɗoriya ya yi yana wanki a rafin da ya ratsa bayan unguwarmu. Yana da dutsensa a bakin ruwa, wani faffaɗa mai santsi, wanda ko ba ya nan ba mai ɗora ƙafa a kai. Yana da igiyoyin shanya uku, da wani tsohon baro mai ƙara wanda yake tura kaya a ciki, da dutsen guga na gawayi da ya girme ni. Ni tela ce. Kekena na ɗinki yana ɗakin ƙofar gida, ɗakin gugarsa na manne da nawa, kuma katangar da ta raba mu ba ta kai rufi ba. Saboda haka duk abin da ya faɗa ina ji, duk abin da na faɗa yana musawa.

Mutum ne mai taurin kai na ban mamaki. Tun da nake ban taɓa jin ya ce ya yi kuskure ba. In safa ɗaya ta ɓace, to ɗaya ka kawo. In riga ta motse, kai ne ka yi ƙiba. Amma fa ya iya aikinsa, kuma ba ya cin amana. Abin da ya tsinta a aljihunan mutanen unguwar nan, da zai buɗe baki, da gidaje da yawa sun watse.

Da aka gina kamfanin rinin yadi a saman rafi, Yaya ya fi kowa murna, don ma'aikata ɗari da wani abu ne, kowa da rigar aikinsa mai bukatar wanki. Ta bayan katangar kamfanin aka fito da wani ƙaton bututu, wanda mutum zai iya rarrafawa a ciki, aka saita bakinsa cikin rafi. Ba wanda ya tambayi me zai riƙa fitowa daga ciki. Mu dai mun ɗauka ruwan sama ne.

Wata rana da hantsi sai ga Yaya ya dawo yana tura baro da sauri, bakinsa har kunne.

"Auta! Fito ki ga ikon Allah. Rafi ya waye!"

"Ya waye kamar yaya?"

"Da kansa yake kumfa. Ko sabulu ban taɓa ba. Dubi rigar bakaniken nan, shekara biyu ina fama da baƙin man da ke ƙirjinta. Yau tsomawa ɗaya na yi."

Na duba, wallahi rigar ta fita. Na shinshina, sai na ji wani wari mai hawa kai, kamar an haɗa ruɓaɓɓen ƙwai da maganin sauro. Na ce, "Yaya, wannan ruwan lafiya kuwa?"

Ya ce, "Ke dai ba kya son ci gaba."

Daga ranar ya daina sayen sabulu, har mai kantin kan kwana ya daina amsa gaisuwarsa. Da kifaye suka fara tasowa ciki a sama, Yaya ya ce ba su saba da tsafta ba ne. Da kwaɗi suka yi shiru gaba ɗaya, ya ce dama surutunsu ya ishe shi.

Bayan kumfa sai launi ya biyo. Litinin rafi shuɗi, Talata kore, Laraba rawaya, Alhamis ja wur kamar an yi yanka. Juma'a wani irin ruwan hoda ne. Asabar, ranar da suke wanke tankunansu, sai ya zo baƙi-baƙi mai kauri. Lahadi kaɗai yake komawa kamar ruwa. Mutanen unguwa suka daina duba kalanda. In an yi gardamar yau wace rana ce, sai a leƙa bayan gida. Maƙwabciyarmu tana da farar agwagwa, wata Litinin ta dawo gida rabinta na ƙasa shuɗi, matar ta kore ta da tsintsiya har sau biyu tana cewa ba tata ba ce.

Yaya ya koyi dabara. Fararen kaya sai Lahadi, masu launi kuma kowanne da ranarsa. Dabarar ta yi aiki har ranar da Tsohon Hedimasta ya kawo farar rigarsa da farin wando ranar Alhamis da safe, ya ce lallai gobe yake so, don tsofaffin ɗalibansa sun gayyace shi ya yi jawabi. Hedimasta dattijo ne mai ji da kansa, wanda ko gaisuwa ka yi masa sai ya gyara maka ita. Yaya ya ɗebi ruwa daga gefen da yake ganin ya fi haske, ya wanke. Kaya suka bushe, suka fito launin cikin kankana.

"Mene ne wannan?" in ji Hedimasta.

"Ranka ya daɗe, abin da ake yayi ke nan yanzu. Ya ma rage maka shekaru."

Lokaci ya ƙure, dole haka ya sa su ya tafi. Da yamma ina cikin ɗinki sai ga shi ya shigo shagona da baya-baya, ya riƙe jarida a bayansa da hannu biyu. Ashe da ya gama jawabi ya rusuna don a tafa masa, wandon ya buɗe tun daga ƙugu har gwiwa, a gaban mutum ɗari biyu da ya taɓa yi wa bulala.

Na ba shi zanen gado ya ɗaura, na ɗora wandon a keke. Duk inda allura ta shiga sai yadin ya bi ta ya yage, kamar jiƙaƙƙiyar takarda. Na ɗaga murya ta saman katanga na ce, "Yaya, ruwan nan cin kaya yake yi!"

Ya ce, "Zarenki ne ba shi da kyau."

A watannin nan na yi faci kamar ba gobe. Gwiwar wando, hammatar riga, zanen gado, labule, duk wanda ya bi ta hannun Yaya sai ya biyo ta nawa. Har aka fara gulma a unguwa wai haɗa baki muka yi, wan ya yaga, ƙanwar ta ɗinke.

Abin da ruwan ya yi wa yadi, shi yake yi wa hannunsa, sai dai Yaya yana ɓoyewa. Fatar ta fara saɓulewa, tsakanin yatsu ya tsattsage, farce biyu suka fita. Matarsa, wadda nake kira Anti, kullum tana shafa masa mai tana faɗa. "Ka dubi hannu kamar bayan kada! Ni ban auri kada ba." Shi kuma ya ce hannun mai neman halal ke nan. In abinci da yaji, sai ya ce yau da cokali yake sha'awar ci. Mutumin da tun muna yara yake cewa cokali na ragwaye ne.

Abin da ya fara karya shi, katin shaida ne. Aka ce kowa ya je ofis a ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Muka tafi tare, muka bi layi tun safe har rana ta take. Da aka zo kansa, ma'aikaciyar ta ce ya ɗora babban yatsa a kan wani ɗan gilashi mai haske. Ya ɗora. Na'ura ta yi shiru. Ta goge gilashin, ya sake. Shiru. Aka bi yatsu goma ɗaya bayan ɗaya.

"Baba," in ji ta, "na'ura ta ce ba ta ga kowa ba."

"Ba ta ga kowa ba? Ga ni tsaye a gabanta!"

"Ba ka da zanen yatsa, Baba. Duk ya goge."

Wani daga cikin layi ya ce a gwada na ƙafa. Mutane suka fashe da dariya. Yaya kuwa da gaske ya ɗauka, ya tuɓe takalmi, ya ɗaga ƙafa zai ɗora a tebur, sai da na riƙe shi. Dama da an gwada ma ba abin da za a samu, ƙafar ai a ruwan take wuni. Ma'aikaciyar ta ce sai ya kawo takarda daga asibiti. Duk hanya yana mita, wai shi da ya wanke rabin garin nan, yau wani akwati ne zai ce babu shi.

A ƙaramin asibitin unguwa akwai wata nas da ta daɗe a wurin, mace mai faɗa amma mai tausayi. Ta juya hannunsa sau ɗaya ta ce, "Kai ma ɗan bakin rafi ne ko? To je ka zauna a bencinku."

Ashe har benci gare mu. A kai akwai masu lambu biyu da ƙafafunsu suka yi gyambo, da matan da ke wanke kwanuka a rafi, da yara masu jajayen idanu suna ta susa. Nas ta ce gudawa da amai kuwa ta gaji da rubutawa, musamman a gidajen da rijiyarsu ke kusa da ruwan. A ƙarshen bencin wata matashiya ce riƙe da jaririya tana ta tsala kuka. Da ta buɗe tawul don nas ta duba, sai muka ga cinyoyin yarinyar da bayanta duk sun yi ja sun saɓule. Uwar ta ce ta canja mai, ta canja hoda, abin sai ƙaruwa yake.

Yaya ba yarinyar yake kallo ba, tawul ɗin yake kallo. Duk kayan da ya wanke yana yi musu wata 'yar alama da baƙin zare a kusurwa, don kada su cakuɗe. Alamarsa ce a jiki. Uwar ta ɗago ta gan shi, ta ce, "A'a, Baba Fes, ina wuni? Ai kayanta duk kai nake aika wa, don kai ne mai tsafta."

Muka karɓi takarda da magani muka dawo. Kwana biyu ban ji motsinsa ta bayan katanga ba, ko musu ɗaya. Na faɗi abubuwa da gangan waɗanda na san ba zai bari su wuce ba, har na ce guga da lantarki ta fi ta gawayi. Shiru. A rana ta uku ya kwashe duk kayan jarirai da ke wurinsa, ya sayi sabulu a wurin mai kantin da suke gaba, ya tura baro har famfon bakin kasuwa, ya sake wanke su sau uku.

Daga nan ya nufi kamfani. Mai gadi ya hana shi shiga kwana huɗu a jere, a na biyar Manaja ya gaji ya ce a shigo da shi. Manajan mutum ne mai fara'a. Ya ba shi kujera mai juyawa, ya yi masa bayanin cewa ruwan da suke saki an tace shi da injina na zamani.

"Baba, ruwan nan ko sha ka yi ba abin da zai same ka."

Yaya ya ce, "Madalla." Ya zaro kwalba daga aljihun dama, ya zaro kofi daga na hagu. Ranar Talata ce. Ya tsiyaya kore shar, ya tura gabansa. "Sai ka fara, ranka ya daɗe, kai ne babba."

Manaja ya ce likita ya hana shi shan komai tsakanin abinci da abinci. Aka rako Yaya waje, aka ba shi kyautar kalanda mai hoton wani tafki da tsuntsaye.

Nas ta rubuta ƙorafi, masu duba lafiyar muhalli suka fara zuwa. Sai dai duk ranar da za su zo, rafi sai ya wayi gari garau. Su cika kwalabensu, su gaisa da Manaja, su tafi, bayan mako uku takarda ta fito cewa ruwa lafiya lau. Har Yaya ya zama kamar malamin duba. In ya leƙa da safe ya ga ruwa fari alhali ba Lahadi ba, sai ya ce wa Anti, "Share ƙofar gida, yau muna da baƙi." Kafin azahar sai ga farar motarsu.

Wata safiya ya yi gyaran murya ta saman katanga.

"Auta, kina da farin yadi? Sabo, wanda bai taɓa ganin ruwa ba."

"Ina da shi. Ashe dai zarena ba shi da laifi?"

"Ni ban ce ba. Yanka min shi gida bakwai."

Na yanka, na kalmashe bakin kowanne, na ɗinka sunan rana a jiki. Ya ce yana bukatar shaida wanda ba za a ƙaryata ba, mai kyan rubutu. Duk unguwar mutum ɗaya ne haka, kuma tun maganar wando ba ya yi masa magana. Yaya ya je har gida. Ban san abin da ya faɗa ba, shi dai ya rantse bai ba da haƙuri ba. Amma ranar Litinin da ƙarfe goma sai ga su biyu a bakin bututu, Yaya da doguwar sanda yana tsoma ƙyalle, Hedimasta da agogo da littafi yana rubuta rana da lokaci, yana kuma gyara wa Yaya yadda ake riƙe sanda. Haka suka yi kwana bakwai suna faɗa.

Da ƙorafi ya yi yawa, aka kira taro a zauren makarantar unguwa. Masu duba lafiyar muhalli suka turo wata sabuwar jami'arsu, 'yar siririya mai tabarau, wadda ba ta dariya. Manaja ya yi kusan awa guda yana nuna takardu masu hatimi. Yana cikin magana Yaya ya tashi, ya ɗaura igiyar shanya a ƙarfen taga, ya ratsa ta gaban manyan baƙi da ita, ya ɗaure a ɗaya tagar. Ya ciro ƙyallaye daga baro yana maƙalawa ɗaya bayan ɗaya, bakinsa cike da abin maƙale shanya. Shuɗi, kore, rawaya, ja, ruwan hoda, baƙi, sai na Lahadi can a ƙarshe, fari amma ba sosai ba. Hedimasta ya miƙe ya karanta littafinsa da muryar da yake kiran sunayen 'yan aji.

Manaja ya yi murmushi ya ce ai kowa zai iya rina tsumma a gidansa.

Sai wata murya daga baya ta ce, "Amma fa Talata kore muke yi." Wani ma'aikacin kamfanin ne, maganar ta kuɓuce masa. Ya toshe bakinsa da hula, amma zaure ya riga ya ɗauka.

Jami'ar ta taso ta kama ƙyallen Asabar da yatsu biyu don ta duba. Ya rabu biyu a hannunta. Ta dubi ƙyallen, ta dubi Yaya, ta ce ya nuna mata hannunsa. Wannan karon bai ɓoye ba. Matar nan mai jaririya ita ma ta taso, masu lambu suka naɗe ƙafar wando.

Da za ta tafi Yaya ya bi ta har mota. Ya ce, "'Yata, in za ki dawo, ki zo ranar Alhamis. Kada ki gaya wa kowa. Ko direban nan naki kada ya ji, na san shi, ni nake wanke masa kaya."

Bayan mako biyu ta zo ita kaɗai a motar haya, da kwalabenta a jakar cefane. Ta sauka bakin bututu, santsi ya kwashe ta, ƙafa ɗaya ta faɗa ruwa. Ta koma ofis da farin takalmi ɗaya da ja ɗaya, kuma an ce haka ta shiga wurin shugabanta ba ta canja ba.

Aka rufe kamfani wata biyu. Kada ku ɗauka an ɗauki Yaya a kafaɗa. Rabin unguwar a can suke aiki, har da ƙanin Anti, wanda ya zo tsakar gida ya ce Yaya ya zuba musu ƙasa a abinci. Rigunan aiki suka daina zuwa. Wasu suka daina gaishe shi. Abin ya dame shi ƙwarai, ko da yake cewa yake yi dama gaisuwa ɓata lokaci ce. Da aka sake buɗewa, an tilasta musu haƙa manyan tafkuna uku a cikin katanga inda ruwan zai kwanta a yi masa magani kafin a sake shi, aka kuma kafa mana famfo biyu a unguwa. Aka rufe rijiyoyi biyar.

Rafin yanzu ba ya canja launi, sai jefi-jefi. Amma nas ta ce kada wanda ya ruɗu, akwai dafin da ba shi da launi, kuma lakar da ke ƙasa ta sha abin da za ta daɗe tana amayarwa. Har yau an hana wanka da wanki a ciki. Bencinmu na asibiti ya ragu, bai dai zama wayam ba. Jaririyar ta warke, tana gudu yanzu, da ɗan tabo a cinya. Ɗaya daga cikin masu lambun har yanzu da sanda yake tafiya. Yaya kuma ya koma wanki a bakin famfo da safar hannu ta roba, wadda ya tsana, wai kamar mutum ne yake gaisawa da kaya ta bayan labule. In sanyi ya shigo yatsunsa ba sa lanƙwasuwa, Anti ce ke ɓalle masa maɓallin riga.

Bara aka kafa kwamitin sa ido a kan rafi, mutum biyar, aka sa shi a ciki. Hedimasta ne sakatare, don ba wanda ya isa ya hana shi. Aka raba musu wata 'yar riga mara hannu mai ƙyalli, irin ta masu aikin hanya. Sauran huɗun suka sa tasu nan take. Yaya ya ce shi ba ya sa tufar da ba a goge ba. Ya dawo gida ya hura gawayi, na ce masa ta saman katanga, "Yaya, wannan roba ce fa." Ya ce shekara nawa nake da ita da zan koya masa guga.

Ban ƙarasa zare allura ba na ji wari. Dutsen gugar ya ratsa bayan rigar ya fita, ya bar rami daidai siffarsa, har da tsinin.

Haka yake sa ta. Kullum da ƙarfe goma zai bi gefen katangar kamfani har bakin bututu, ya leƙa, ya shinshina, ya dawo ya ba Hedimasta rahoto. Sau uku ina cewa ya kawo in toshe ramin. Ya ce a bar shi, shi ya yi shi da gangan, ta nan iska ke shiga.